Motar Gwaggo Rabi da Kayan Cikinta

Fatakwal,
9 ga Janairu, 1993.

Zuwa ga taubashiyata Malama Murjanatu,

Yau shekara huɗu da wata bakwai rabona da Jega. Na fara da wannan ne don ki san ina ƙirgawa, ko da ku ba ku ƙirgawa. Bayan haka ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Maiwada da yara. Ni ma lafiya, in ban da bayana da danshin garin nan ya riƙe. Nan ko da rani sai ka ga takalminka ya yi gansakuka.

Takardarki ta iso. Da na ga rubutunki a bayan ambulan na ce to, an tuna da jakin gida, akwai kaya ke nan. Ban yi kuskure ba. Sai dai kayan wannan karon ba na ƙi ba ne. Gwaggo Rabi ke ta haifa, amma ni ta goya bayan rasuwar mahaifiyata. In ta ce tana son ganin yayarta Gwaggo Zahra'u kafin ɗaya ta riga ɗaya, to sai an kai ta. Shekara goma sha tara 'yan'uwa ciki ɗaya ba su ga juna ba, kuma ba teku ke tsakaninsu ba, yashi ne da duwatsu a bayan Maiyama. Abin kunyarmu ne mu duka.

Kin ce ba ta iya zama kan babur, jaki kuma kwana biyu ne, ƙugunta ba zai ɗauka ba. Saura mota ke nan. Kamfanin da nake wa tuƙi zai yi gwanjon tsofaffin motocinsa wata mai zuwa. Abin da na tara don in dawo gida in buɗe garejin kaina, shi zan sa. Kada ki yi mini godiya. Ban yi da daɗin rai ba, na dai yi.

Amma ba a sayen mota sai an san hanya. Ki samo wanda ya je Tungar Isa, inda Gwaggo Zahra'u take, bana, ba wanda kakansa ya ba shi labari ba, ki tambaye shi. Ina kwalta ta ƙare? Yashin da ake faɗa, in mutum ya taka ina yake kai masa, idon sawu ko ƙwauri? Ina ne iyakar mota, kuma daga nan tafiyar ƙafa ta awa nawa ce? Ki rubuto da lamba, ba da "nan kusa ne" irin na mutanenmu ba. "Nan kusa" ya taɓa kwanar da ni a daji.

Ki durƙusa ki gaishe mini da Gwaggo.

Naki,
Atiku.

*

Jega,
4 ga Fabrairu, 1993.

Zuwa ga Sarkin Ƙorafin Fatakwal,

Ranka ya daɗe, talakawanka suna gaisuwa. Kowa lafiya. Bayanka kuma Allah ya sawwaƙe, ko da yake tun muna yara da shi kake fakewa in an ce a je ɗebo ruwa. Kuma ka daina cewa ba mu ƙirgawa. Inna ta ce layya biyar aka yi ba ka nan, duk shekara sai ta ware maka ƙafar rago, mu ke cinye ta.

Na samo maka mutum, wani mai zuma da ke saukowa daga Tungar Isa ran kasuwa. Ga lambobinka. Kwalta ta ƙare kaɗan bayan Maiyama. Daga nan jar hanya ce mai ramuka, kamar mil goma sha biyu. Sai busasshen rafi, faɗinsa ya kai filin ƙwallon makarantarmu, yashinsa kuma har ƙwauri, ya nuna mini a ƙafarsa. In an haye akwai wata babbar kuka da rijiyar makiyaya, nan ne iyakar mota. Daga kuka zuwa tungar awa ɗaya da rabi ne a ƙafa, ana hawa tsakanin duwatsu. Inna ta ce wannan nata ne, a bar ta da shi. Abin da ya fi muhimmanci: ya ce ran da ruwan farko ya sauka rafin ke kawowa, daga nan babu mota sai bayan kaka. Ya kuma ce tsohuwar da za a je gani idanunta sun yi rauni, bara ta yi jinya mai tsawo. Ka ga ba mu da bara da baɗi, bana ce kawai.

Maganar mota kuwa ta tara dangi. Kawu Magaji ya taso takanas daga Alelu, ya ce a rubuta maka da bakinsa: "A sawo doguwa mai sheƙi, irin ta kwamishina. Yanzu muna da jiharmu ta kanmu, ba mu shiga ƙauye cikin akwatin ƙarfe awa 'yan kaso." Maiwada ya ce a-kori-kura ta fi, wai don in an dawo ta riƙa jigilar albasa daga Aliero, kuma ya faɗa yana kallon sama kamar ba shi ke da gonar albasar ba. Ƙanwarka Zaituna ta aiko daga Birnin Malam, ita dai a sawo fara. Inna ta saurare su duka, ta ce, "Ku ce mai ko amalanke ta, in dai tana kai ni."

To ga ka ga su. Zaɓi ya rage naka, zagi ma naka ne.

Taubashiyarka,
Murjanatu.

*

Fatakwal,
28 ga Maris, 1993.

Malama Murjanatu,

Barka da shan ruwa, barka da sallah. Ina lafiya. Hutun da na nema an hana ni, wai aiki ya yi yawa. Saboda haka motar za ta zo, mai ita ba zai zo ba. Na saba.

Jif na saya. Ba ta da kyau, ba fara ba ce, fentinta ma sai an yi gardama kafin a yarda kore ne. Ki gaya wa Baffa Magaji motar kwamishina cikinta a ƙasa yake, tana shiga yashi za ta kwanta kamar kaza kan ƙwai. Ki gaya wa Maiwada a-kori-kura ƙafafun baya kaɗai ke ja, in sun nutse sai dai su yi ta haƙa wa kansu kabari. Wannan cikinta a sama yake, kuma duk ƙafafun huɗu ke ja. Shekara huɗu ina ciro motoci daga taɓo, wannan kaɗai na sani a duniya, a bar ni da shi.

Bature direba, mutumin Aliero da ya kawo albasa, shi zai tuƙo ta, shi kuma zai kai ku. Yanzu ki natsu, don kayan da ke bayanta sun fi motar muhimmanci.

Shebur na tone yashi ne daga gaban taya in ta nutse. Katakai huɗu masu kauri, su ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya ta hau. Da kaina na zaɓe su, ba su da tsagu. Igiyar mai kauri ta jan mota ce. Jarka biyu, ja ta fetur, baƙa ta ruwan inji, don bayan Maiyama ba mai sayar muku ko ɗigo. Tayar safaya sabuwa ce, duwatsu ba su san kunya ba. Ƙaramar katifar ta ƙugun Gwaggo ce.

Kada a sauke ko ɗaya. Kada a ara wa kowa, ko liman ne. Kuma kada mutum ya wuce huɗu: Bature, Gwaggo, ke, da namiji ɗaya mai ƙarfin turi. Nauyi shi ke kashe mota a yashi. Ku tashi cikin makon nan, kada ku jira hadari.

Zan sa takardar nan cikin ƙaramin akwatin da ke gaban kujerar fasinja in rufe, don Bature ya taɓa naɗe tsire da wasiƙar mutane.

Atiku.

*

Jega,
12 ga Afrilu, 1993.

Ɗan'uwana Atiku,

Yau ba zan tsokane ka ba, don ka wanke kanka. Kowa lafiya, kowa kuma yana sa maka albarka.

Mota ta iso ran Laraba da hantsi. Muninta ya kai inda ake faɗa, yara sun bi ta suna kiranta kunkuru. Amma da aka buɗe baya aka ga kaya, sai kowa ya matso yana leƙe. Ba ka haɗo da takarda ba, mun dai san halinka, ba ka son godiya. Inna ta share hawaye ta ce, "Ɗana ya yi shekara biyar bai aiko ko allura ba, yau ya aiko mota cike da tsaraba, in ɓoye in ci ni ɗai? A kira dangi."

Ita ta raba da hannunta, kuma wallahi kamar ka rubuta sunan kowa a jiki. Shebur ya tafi ga Kawu Magaji. Atiku, da ka ga tsohon nan. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ashe yaron ga bai mance ni ba. Ya tuna ni ka gyaran kabarin ubanai." Sai ya fita waje don kada mu ga idonsa. Bai ƙara zancen motar kwamishina ba.

Igiya ta Zaituna ce, ka san rijiyarsu da zurfi, tuni ta ɗaura guga. Katakai aka ba Maiwada, kafinta ya haɗa masa benci na zaure, har da wurin jingina. Yanzu nan yake karɓar dillalan albasa, ya ce farashi ma ya fi tsayawa in mutum yana zaune kan abin kirki. Jarkoki ni aka ba. Fetur ɗin mun juye wa masu babur sadaka, na wanke jar jarkar da toka sau bakwai, har yanzu kunun da na zuba yana ɗan warin fetur, amma 'yan ajinmu ba su ƙi ba. Tayar nan kuwa Inna ta ba Bature tukuici, tunda shi ya san amfaninta. Ya karɓa hannu biyu. Katifa kaɗai ta riƙe wa kanta.

Tafiya sai Bature ya gama lodin albasa a Aliero, ya ce mako uku ko huɗu. Mota tana ƙofar gida, an share ta tas, ba komai ciki, sai sheƙi take.

Allah ya ƙara buɗi. Ashe kana da zuciya.

Murjanatu.

*

Fatakwal,
29 ga Afrilu, 1993.

Murjanatu,

Lafiyata ƙalau kafin takardarki ta zo.

Benci! Har da wurin jingina! Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, ko zama zai canja ta. Kwana uku na yi ina yawon kasuwar katako ina ƙwanƙwasa itace kamar mai neman aljani, ashe kujerar dillalai nake zaɓe. Ke da kike koya wa 'ya'yan mutane karatu, a gidanku ba a samu mai buɗe akwati ɗaya ba? Je ki yanzu, kafin ki ƙarasa wannan layin, ki buɗe ƙaramin akwatin gaban kujerar fasinja. Takardata tana ciki tun wata guda.

Ba tsaraba ba ce. Ƙafafun motar ne kuka rarraba. In kuka shiga rafin nan haka, nan za ku wuni, Gwaggo tana kallon duwatsun yayarta daga nesa.

A karɓo komai. A ɓalle bencin. A kwance gugan. Bature kuwa ki ce masa na san ya sani, kuma zan dawo. Mako uku ko huɗun nan nasa ma ban yarda ba, nan har an fara ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma daga nan yake tasowa ya nufo ku. In ruwa ya riga ku, ba ni da bakin da zan gaya wa Gwaggo ta jira wata shekara, kuma ba ni da tabbacin wadda ke kan dutsen za ta jira.

Atiku.

*

Jega,
27 ga Mayu, 1993.

Atiku,

Muna lafiya, in ban da ƙafafu. Ka zauna kafin ka karanta wannan, tunda ka ce tsayuwa ba ta yi maka.

Na buɗe akwatin, na karanta, na ji kunya. Na ɗauki takardar na bi gida gida. Bature na fara tarewa. Ya ce, "Malama, tsohuwa ta miƙo min tukuici gaban jama'a, in ce mata mi? Ba a tambaye ni ba, ni ko ban saba katse manya ba." Ya yarda zai zo da tayar, amma aro, in ji shi.

A Alelu na tarar Kawu Magaji ya rataye shebur a ɗaka, ko ƙasa bai taɓa ba. Na fara karanta masa, na zo daidai inda ka ce na tone yashi ne, sai na ga fuskarsa. Atiku, ban iya ƙarasawa ba. Na ce masa kai ka ce a roƙe shi aro. Ya ce, "Ina kunka taɓa jin an ba da tsaraba an amshe? Shebur nau na. In mota na son shi, ta ɗauke mu tare." Zaituna ta ce igiyarta ba ta kwana wani gari ba ita. Maiwada ya ce benci zai je, amma a tsaye da ƙafafunsa, kuma da mai shi. Da labari ya bazu cewa ana zuwa gaida tsohuwa, sai aka ƙaru da mutum uku da ba su riƙe da komai sai zumunci. Mu tara muka tashi ran Alhamis, da buhun albasa biyu, benci a ɗaure kan rufi. Fetur na saya na cika jar jarkar, kunu ya koma baƙar.

Jar hanya ta ci taya ɗaya. Bature ya sa tasa, yana ta nanata a shaida tasa ce. Rafi kuwa, mun kai tsakiya cif, kunkuru ya yi gurnani ya zauna. Gabas ta fara haɗa baƙi.

Kawu ya sauko da shebur. Samari biyu cikin 'yan rakiya suka miƙa hannu, ya ce wanda ya taɓa sai ya la'ance shi. Mutum mai shekara saba'in, yana ɗiba yana hutawa yana ba da labarin yadda aka yi yashi a zamaninsu. Aka sauke benci Inna ta zauna kai, ta ce lalle Atiku ya iya zaɓen itace. Da rami ya samu Bature ya ce sai katako. Maiwada ya dubi benci, ya dubi hadari, ya dubi surukarsa. Ita kuwa ta miƙe tsaye daga kan bencin. Da hannunsa ya ɓalle shi, yana cewa, "A bi sannu da wurin jinginar." Shi aka fara sawa ƙarƙashin taya.

Mota ta motsa kamar taku goma ta sake zama. Sai ga makiyaya daga rijiya da bijimai biyu. Aka ɗaura igiya, Zaituna tana bin su tana faɗin kada a goga mata ita a dutse. Bijimai na ja, mu bakwai muna turi, Bature na ba ta wuta, Inna na salati. Haka muka fito. Na san ka ce mutum huɗu. Da mu huɗu ne, da can muke har yau. Da mu huɗu ne kuma, wataƙila da ba ta nutse ba. Wannan lissafin na bar maka.

Daga kuka muka hau da ƙafa bayan la'asar. Inna ce gaba, da sandarta, ba ta tsaya ba sai sau biyu, kuma don ta jira Maiwada ne da buhunsa.

Mun tarar da tsohuwar a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Inna ta yi sallama. Tsohuwar ta ɗaga kai ta ce, "Wa ka magana awa Rabi?" Inna ta ce, "Ni ta." Ta ce, "Kin tsufa." Inna ta ce, "Da wane idon kinka gani?" Ta ce, "Ga murya na ji." Sai ta laluba ta kama fuskar Inna da hannu biyu, suka daɗe haka. Kafin magariba har sun fara faɗa kan wata tasa da aka ara tun kafin a haife ni.

A daren ruwa ya sauka. Da safe rafi ya cika baki da baki, motarka kuma tana ƙetaren da tungar take, gindin kuka. Bature ya ce sai bayan kaka. Kwana biyu muka jira ruwa ya ja, muka haye da ƙafa muna riƙe da igiyar Zaituna, Kawu ya ɗaga shebur sama da kansa. Inna ta ce ita da motar tare suka zo, tare za su koma. Ta shimfiɗa katifarka a ɗakin yayarta. Ban taɓa ganin wanda hanya ta rufe wa yana murna haka ba.

Makiyayan sun yi alkawarin duba motar. Da muka baro, awaki biyu sun riga sun kama inuwar ƙarƙashinta.

Yanzu sai ka yi faɗan.

Murjanatu.

*

Fatakwal,
18 ga Yuni, 1993.

Taubashiyata Murjanatu,

Ina lafiya. Bayan nawa ma ya yi sauƙi, ban san dalili ba.

Na ɗauki biro da niyyar faɗa, na cika shafi guda, na yage. Ba don ba ku cancanta ba. Kun cancanta, musamman Bature. Garejina yana gindin kuka awaki na kwana ƙarƙashinsa, ni kuma ina nan ina ciro motocin wasu daga taɓo, kuma ba ni na ga lokacin da yayarta ta kama fuskar Gwaggo ba. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai, ba kuma wanda zan kama da laifinsa.

Amma gaskiya ɗaya ce. Mutumin da ya yi kusan shekara biyar bai aika wa danginsa ko sabulu ba, ran da kaya suka zo daga gare shi, me za su zata? Ni na ce ina tari, ku kuka ga na manta. Na ɓoye takarda a inda direba kaɗai ke buɗewa, na aika wa gidan da ba a taɓa ajiye mota ba. Rabin laifin nawa ne. Rabi na ce, kada ki ƙara.

Ƙaryar da kika yi wa Baffa Magaji, ki bar ta a haka har abada. Shebur nasa ne, don shi na saya, in ya tambaya haka za ki ce. Igiya ta Zaituna ce. Maiwada ki ce masa na ji yadda ya yi, ya fi ni, don ni ban taɓa zama kan katakan ba balle in saba da su. Ki aika wa mai zuma ya sa a cire batirin a kai ɗaka, a kuma toshe bututun hayaƙi da tsumma saboda ɓeraye. Ya gaya wa Gwaggo kada ta yi gaggawar shirya kaya. Ni zan zo in ɗauko ta bayan kaka, ko sun ba ni hutu ko sun ba ni takardar sallama.

Wannan karon na fara shiri da wuri, kuma kowane abu zan rubuta sunan mai shi a jiki da jan fenti. Ga abin da na samu na ajiye zuwa yau: hutun kwana goma sha tara da suka yarda ina bin su, turmin atamfa biyu, katan ɗin sabulu ɗaya, katako huɗu da ba na kowa ba, da fam ɗin taya guda da na tsinta ƙarƙashin gadona, wanda na manta ban sa a motar ba.

Naki,
Atiku.